Baba Direba a Kan Dandamali

Ranar da aka fara hawa da Baba Direba kan dandamali, sai da ya taka rawa. Shi kansa bai san yana da sauran rawa a ƙafa ba. Zauren otal ɗin ya cika maƙil, kujerun roba har bakin ƙofa, kiɗa na tashi kamar zai ɗage rufi. Ɗansa Auta, wanda yanzu kowa ke kira Dayamon saboda matsayin da ya taka a kamfanin sayar da shayin ganye, yana riƙe da makirufo cikin kwat mai ƙyalli, gumi na zuba.

"Jama'a, wannan mahaifina ne! Ba hayarsa na yi ba. Wa bai san Baba Direba ba a garin nan?"

Zaure ya ɗauka da sowa. Kuma da gaske an san shi. A kan sitiyarin bas ya tsufa, ya kai 'ya'yan mutane makaranta, ya kai matansu asibiti, ba a taɓa jin ya riƙe canjin wani ba. In Baba Direba ya ce hanya ta gyaru, to ta gyaru.

"Baba, gaya musu. Me likita ya ce kana da shi?"

"Ciwon suga."

"Yanzu fa?"

Baba ya tuno abin da aka yi ta biya masa a mota. "Yanzu garau nake. Tunda na fara shan shayin nan na rabu da ƙwayoyin asibiti."

Wata mata ta rangaɗa guɗa. Maza suka miƙe suna tafi. Baba ya ji wani daɗi ya taso masa tun daga ciki har wuya, ya ɗaga hannayen riga ya yi juyi biyu, mutane suka kusa faɗuwa don dariya. Ba ƙarya tsantsa ya yi ba. Ya rabu da ƙwayoyin, sai dai matar Auta ce ta kwashe su daga kan tagarsa ta zuba a shara, tana cewa, "Baba, guba ce wannan. Mu da muke da magani a gida?"

Tun daga ranar rayuwa ta juya masa. Da can a ɗan ɗakin bakin ƙofa yake wuni, daga shi sai rediyo, a miƙo masa abinci a tafi. Yanzu an sa masa fanka, an ɗinka masa riguna, an saya masa takalmi sau-ciki mai sheƙi. Matar Auta da kanta take kawo masa shayin, ta durƙusa har ƙasa. "Babanmu na kanmu! Tauraron gida! A ƙara maka?"

Falo ya cika da kwalaye har kusa da silin. A jikin bango an kafa farin allo, Auta ya zana da'ira ɗaya a sama, biyu a ƙarƙashinta, huɗu a ƙarƙashin biyun.

"Ka gani, Baba? Ni na kawo biyu, su ma kowa ya kawo biyu. Ina kwance riba na hawowa."

"Kai Auta, wannan ai haihuwar ɓeraye ce!"

Suka kwashe da dariya har matar Auta na riƙe ciki. Baba ya manta rabon da ya faɗi magana a gidan nan a yi dariya.

Amininsa Mai Aski, wanda shagonsa ke kan kwanar layi, shi ma ciwon suga gare shi. Da can tare suke zuwa karɓar magani, suna zaune a benci suna tsokanar juna. Ran nan Baba ya je aski, Mai Aski ya ɗaura masa ƙyalle a wuya, ya tsaya yana kallonsa ta madubi.

"Direba, tsakaninka da Allah, ka daina shan magani?"

"Ka ga alamar ciwo a jikina? Ko in tashi in yi maka tsalle?"

"Zauna kar in yanke maka kunne, tsohon banza. Ni fa ba shayin na yarda da shi ba. Kai na yarda da kai."

Kafin mako ya fita, Mai Aski ya shiga ƙarƙashin Auta, ya jera kwalayen shayi kusa da man gashi, ya jefa katinsa na asibiti a aljihun tebur.

Ƙishirwa ce ta fara. Baba sai ya shanye kofi ya miƙa a ƙara, harshe na nan a bushe. Banɗaki kuwa ya zama kamar wurin aikinsa. Wando ya fara zamewa daga ƙugu. Da ya yi wa matar Auta maganar, sai ta buga tsalle ta ɗauko waya.

"Alhamdulillahi! Dattin ne ke fita, Baba! Dubi tumbin ma ya tafi. Tsaya haka, ɗan juya gefe. Dayamon, zo ka ga Baba ya koma saurayi!"

Aka haɗa tsohon hotonsa da sabon, aka watsa a wayoyi. Baba ya kalli hoton, ya ga wani ramammen tsoho cikin riga mai faɗi, amma tunda kowa na cewa ya yi kyau, sai shi ma ya yi murmushi.

Wata safiya aka wayi gari ofishin kamfanin shayi a garƙame, manhajarsa a waya ta ƙi buɗewa, manyan kuma sun yi ɓatan dabo. Kafin azahar ƙofar gidan ta cika da mutane, masu kuka da masu zagi. Wata mai sayar da kayan miya da ta zuba jarinta kaf tana dukan ƙyauren da dutse. Auta ya kulle kansa a ɗaki yana ta waya. Can da yamma sai ga shi ya fito fes, ya yi wanka, ya fesa turare, baki har kunne.

"Baba, taimaka min. Ba sai ka ce komai ba. Zama kawai za ka yi."

Aka fito da kujera aka dasa Baba a bakin ƙofa. Hayaniya ta lafa. Wa zai zagi ɗa a gaban uban da ya taɓa ɗaukarsa kyauta a bas? Mai dutse ta saki dutsenta, ta durƙusa ta gaishe shi.

Auta ya hau kan benci. "'Yan uwana, kamfani ya mutu, mu mun mutu? Kamfani riga ce, in ta yage a sake wata! Jarinmu ba kwali ba ne, jarinmu jama'a ce da amana. Ga amanar nan zaune a kujera! Na samo mana kamfanin kofi, ya ninka wancan, kuma duk wanda ke nan yau shi ne a saman layi!"

Aka fara tafi ɗaya-ɗaya, sannan gaba ɗaya. Mai kayan miya ta share hawaye tana tambayar yaushe za a fara. Baba na zaune, ransa na gaya masa abin nan ba daidai ba ne, amma da aka ɗaga hannunsa sama aka yi masa sowa, sai ya manta.

Kofin ya zo a ƙananan ledoji masu ruwan zinariya. Baba ya kurɓa ya ajiye. "Auta, wannan ai da zaƙi."

"Zaƙin ganye ne, Baba, ba suga ba ne. Turawa sun yi bincike. Safe, rana, yamma. A taro kuma ka ce shayi ya fara aiki, kofi ya ƙarasa."

A taron kofi na farko takalmin nan mai sheƙi ya ci masa babban yatsa. Bai ma ji ba. Sai da ya dawo gida ya cire safa ya ga ta manne da jini. Ya wanke ya ɗaure da tsumma, ya ce gobe ya bushe. Bai bushe ba. Bakin ciwon ya yi fari, sannan ya yi duhu, ya fara ruwa. Ƙafar ta kumbura har takalmin ya daina shiga.

"Auta, ka kai ni asibiti a duba min ƙafar nan."

Auta ya zauna a bakin gadon, ya kama hannun uban, murya ƙasa-ƙasa. "Baba, in aka gan ka a layin asibiti an gama da mu. Mutum ɗaya ya ɗauke ka hoto, shi ke nan. Ka san mutane nawa ke ci a ƙarƙashina? Ka bari a gama babban taro, ni da kaina zan kai ka wani gari, asibitin masu kuɗi, inda ba a san ka ba."

Aka yi babban taro. Aka yi wani bayansa. Matar Auta ta riƙa kwaɓa garin kofin da ruwan ɗumi tana shafa masa a ciwon, ta toshe hanci da gefen mayafi tana waƙa. "Ka ga yadda yake janyo dattin? Kar ka sa wa ranka ciwo, Baba. Tunani mara kyau shi ke hana magani aiki." In baƙi za su zo, ta fesa turare a ɗakin ta jawo ƙofa.

Babbar 'yarsa, wadda duk gidan ke kira Yaya, tana aure a wani gari mai nisa. In ta kira ta bidiyo, Auta ne ke riƙe wayar, daga ƙirji zuwa sama.

"Baba, na ga ka rame."

"Ramar lafiya ce, Yaya!" in ji Auta. "Baba, ɗaga mata hannu!"

Baba ya ɗaga. Ya so ya ce wani abu, amma ya ga idon ɗansa, ya ce, "Lafiya lau nake, uwata. Ya yaran?"

Kamfanin kofi ma ya bi sawun na shayi. Wannan karon Auta ko a jikinsa. Ya shigo gida yana rawa da kafaɗa, hannayensa cike da awarwaron ƙarfe. "Na yi wayo yanzu! Kamfani biyu na shiga lokaci guda, in ɗaya ya faɗi ɗaya na tsaye. Wannan awarwaron maganaɗisu ne, yana daidaita jini. Wannan kuma kwalbar da ke mayar da ruwa magani. Madam, kunna mana kiɗa!" Suka yi ta cashewa a tsakar gida, shi da matarsa, suna haɗa hannu suna juyi. Baba na kallonsu ta ƙofa, dishi-dishi, don idonsa ma ya fara yin hazo.

Yanzu ba ya iya tsayuwa a dandamali. Sai a shigo da shi tun kafin jama'a su zo, a zaunar da shi, a rufa masa ƙafafu da bargo mai tambarin kamfani. Su yi ta tsalle kewaye da shi. In an miƙo makirufo ya ce, "Garau nake," a yi tafi.

A hanyar dawowa daga irin wannan taron ya lura shagon Mai Aski a rufe.

"Ina mutumina? Ba ya rufe shago da rana."

Auta ya ƙara sautin rediyon mota. Matar Auta ce ta juyo. "Au, ba a gaya maka ba? Allah ya yi masa rasuwa, Baba. Tun wancan makon. Faɗuwa ya yi yana cikin aski, aka kai shi asibiti bai farfaɗo ba."

Baba ya dafa kujerar gaba. "Sugan ne?"

"Kwana ne ya ƙare, Baba," in ji Auta. "Kuma shi ma da laifinsa, ba ya sha yadda aka tsara. Yau ya sha, gobe ya manta."

"Ku kai ni in yi gaisuwa."

"Da wannan ƙafar? Ka bari, na wakilce ka. Har kwalba biyu na kai wa iyalinsa kyauta."

Da aka kai Baba ɗaki ya juya fuska bango ya yi kuka irin na tsofaffi, marar sauti, kafaɗa kawai ke motsi.

Zazzaɓi ya rufe shi bayan 'yan kwanaki. Yana cikin rawar ɗari, ba ya gane safe da yamma, ya ji muryar Yaya a tsakar gida. Ba ta sanar za ta zo ba. Ko mayafi ba ta cire ba ta ce, "Wane irin wari ne wannan?" Ta bi shi har ɗakin bakin ƙofa, ta yaye bargon. Ihun da ta yi sai da maƙwabta suka fito.

Likita bai yi dogon bayani ba. Ya dubi ƙafar, ya dubi Auta, ya ce, "Tun yaushe ya bar magani?" Washegari aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa.

A barandar asibiti Yaya ta shaƙe wuyan kwat ɗin ƙanenta. "Ka sayar da ƙafar ubanmu, Auta! Ka sayar da ita!"

Auta ya fashe da kuka, kuka na gaske, har da majina. "Ni na ɗora masa ciwon? Wa ke ci da shi? Wa ya ɗinka masa sutura? Ke kina can, sai waya! Ni ma fa yarda na yi, Yaya, ni ma ina sha!" Matarsa ta dafa shi tana cewa, "Ƙaddara ce, Yaya. Kuma likitocin nan, abu kaɗan sai wuƙa."

Yaya ta so ta tafi da uban, amma ɗaki ɗaya suke ciki ita da miji da yara, a hawa na uku. Ta yi jinya har ciwon ya kama hanyar warkewa, ta damƙa wa Baba ledar magungunansa a hannu, ta sa ya rantse ba zai bari kowa ya taɓa ba, ta koma tana waiwaye.

Ba a rufa wata ba Auta ya turo wani keken guragu sabo dal, an manna masa tambarin wani kamfanin kuma, na man shafawa. Yana turawa yana busa da baki kamar hon.

"Direba ya samu mota! Baba, ka san yanzu labarinka ya fi da ƙarfi? Asibiti sun yanke maka ƙafa. Da man nan ya zo da wuri, da tana nan. Ba sai ka je taro ba, ɗan bidiyo kawai."

"Kunna," in ji Baba.

Auta ya saita waya. Baba ya dubi ɗan baƙin idon nan, ya gyara murya. "Jama'a, kar ku bar maganin asibiti. Ƙarya na yi muku, ba abin da ya warkar da ni. Aminina ya mutu saboda ya yarda da ni. Ku yafe min."

Sannan Auta ya yi 'yar dariya. "Ba komai, Baba. Ka huta."

Kwana biyu bayan nan, Baba na kwance ya jiyo muryarsa shi kansa tana fitowa daga wayar wani mai wucewa a bayan taga, da kiɗa a ƙarƙashinta. An yanke, an haɗa. "Jama'a... ku bar maganin asibiti... abin da ya warkar da ni..." Sai hoton kwalbar man. Ya yi ta ƙwala kira, mai wayar ya riga ya sha kwana.

Daga ranar Baba ya ɗinke bakinsa. In an nufo shi da waya ya rufe fuska da hula. Shayi da durƙuso suka ƙare. Fanka ta koma falo. Aka koma miƙo abinci a tafi.

Ana haka sai gida ya sake ɗaukar murna. Matar Auta ta share ɗakin baƙi, ta sa sabon labule, tana ta waƙe-waƙe. Mahaifiyarta ce za ta zo ta ɗan zauna. Motar haya ta sauke tsohuwar da hantsi, 'yar gajeruwa mai tafiya a hankali, da jakar kaya a hannu ɗaya, ledar magani a ɗaya.

"Oyoyo Mama! Dayamon, ga Mama! Kai, wannan ledar fa? Har yanzu ƙwayoyin hawan jinin nan kike ta haɗiya? Kawo in ajiye miki. Kin zo gidan lafiya!"

Baba na jin komai ta ƙofarsa da ke a buɗe. Tsakaninsa da surukar nan ba a taɓa wuce gaisuwa daga nesa ba, kai a sunkuye. Ya jawo keken ya hau da ƙyar, ya murza tayoyin har bakin ƙofa.

"Hajiya! Bismillah, matso nan."

"Baba, bari ta huta mana," in ji matar Auta da sauri.

"Hajiya, don girman Allah matso."

Tsohuwar ta matso tana gyara mayafi, ta fara jero gaisuwa. Baba ya kama zanen da ke cinyarsa ya yaye, ya ɗaga dungulmin ƙafar da hannu biyu, ɗinkin na nan baƙi-baƙi.

"Kin ga wannan? Ledata aka fara karɓa. Za su ɗinka miki kaya, za su yi miki tafi, za ki ji daɗin da ba ki taɓa ji ba. Ni ma na ji. Riƙe ledarki."

Tsohuwar ta dubi ƙafar. Ta dubi 'yarta, wadda hannunta ke miƙe har yanzu. Ta dubi Auta da ya fito daga falo yana murmushin da bai gama haɗuwa ba. A hankali ta cusa ledar cikin zaninta ta ɗaure.

"Mai motar nan ya tafi?"

"Haba Mama! Ruɗewar tsufa ce fa ke damun Baba!"

"Na ce ya tafi?"

Bai tafi ba, yana juya mota. Tsohuwar ta sunkuci jakarta da kanta, ta fita da saurin da ba wanda ya san tana da shi, 'yarta na biye tana magiya har titi.

Dariya ta kama Baba. Ta taso masa tun daga ciki, ya yi ta yi yana dukan hannun keken, hawaye na zuba, hula ta faɗi ƙasa, har tari ya sarƙe shi bai daina ba.

Auta ya tsaya a kansa yana huci. "Ka kyauta, Baba. Ka kyauta. Taro jibi, na riga na buga sanarwa. Ɗanka na cikinka kake yi wa haka?"

Baba ya ci gaba da dariyarsa.

Auta ya yi tsaki ya juya. Ya yi zagaye biyu a tsakar gida yana sosa ƙeya, sai ya tsaya cak, fuskarsa ta washe kamar an kunna fitila. Ya ciro waya ya kara a kunne, muryarsa ta koma zuma.

"Assalamu alaikum, Kawu! Ɗanka ne, Auta. Wallahi kana raina. Ya ciwon gwiwar nan, yana nan? Madalla! A'a, ina nufin sannu. Kawu, shirya kayanka, gobe zan turo mota."